Ruwan Bokitin Otal ɗin Lakwaja

Assalamu alaikum. Tun bayan babbar salla ban ƙara cewa komai a nan ba. Waɗanda suka turo mini saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. Ba ni da lafiya ne, kuma ban san yadda zan faɗa ba.

Lokacin hutu na raka Baba Warri sunan ɗan yayata. Muna dawowa motarmu ta lalace a Lakwaja, aka ce sai an kawo kayan gyara daga wani gari. Maza suka shimfiɗa kwali a tasha. Baba ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana cikin direbobi ba, ya nemi otal mafi araha a bakin kogi.

Tsohon gini ne tun zamanin Turawa, an ce ma'ajiyar fatu ce ta kamfani a da. Bangon ya yi kore saboda laima. Fanka tana juyi kamar ba ta so, katifa kuma tana warin wanda ya tashi jiya. Ni na kwana a ɗakin, Baba ya shimfiɗa dardumarsa a bakin ƙofa ta waje.

Famfon bayi ba ya kawo ruwa. Kowace safiya wata mata takan ajiye mini bokiti cike, ta ce, "Yanzu na ɗebo, sabo ne." Daga kogi take ɗebowa. Da shi na yi wanka, na yi alwala, na wanke kayana. Ni 'yar unguwar Dogo Tebo ce, rijiya da burtsatse na sani, ban taɓa tunanin ruwa mai haske haka yana iya cutarwa ba.

Da aka gyara mota, kafin mu hau, Baba ya ce, "Halima, in mun je gida, ki ce a gidan abokina muka sauka. Kin san garinmu. Ba a cewa budurwa ta kwana a otal."

Na ce to.

Ƙaiƙayi ne ya fara, a ƙafafuna. Sai zazzaɓi da tari, aka ba ni maganin maleriya. Na koma makaranta, na manta.

Bayan wasu watanni na fara ganin jini a ƙarshen fitsari, da zafi kamar an zuba barkono. Na ɓoye wa kowa. Na rage shan ruwa don kada in je bayi. Sai da na faɗi a wajen taron safe aka mayar da ni gida.

Mai kemis ya ce ciwon sanyi ne, ya yi ta zuba mini allurai. Goggo Hajara, ƙanwar Baba, ta zo dubiya, ta tsaya a tsakar gida inda maƙwabta za su ji ta ce, "Sanyi a jikin yarinyar da ba ta yi aure ba? Ni dai tun farko na ce wannan bokon ya isa haka."

Daga ranar ƙawayena biyu suka daina zuwa gidanmu. Aka fara maganar ba zan koma makaranta ba.

A asibiti likita ya tambaye ni, "Kin shiga kogi ko tafki kwanan baya? Kin yi wata tafiya?"

Baba yana zaune kusa da ni. Na dube shi, ya dubi ƙasa. Na ce a'a.

Aka sake ba ni maganin sanyi. Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini har hannuna ya yi baƙi. Baba ya sayar da maraƙin da yake kiwo. Ni kuwa ina ta ramewa, zanena yana zagaye ni sau biyu. Na fara tunanin mutuwa zan yi, kuma da wannan sunan za a binne ni.

Zuwanmu na uku wata nas, babbar mace, Bakarkariya ce a ƙabila, ta ce wa Baba, "Alhaji, ɗan jira mu a waje." Ta rufe ƙofa ta ce, "'Yata, ba sirikarki ba ce ni. Ina kika je?"

Na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har bokitin.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ne kawai? Tsargiya ce ke damunki."

Aka ce in kawo fitsarin tsakar rana. Aka ga ƙwan tsutsa a ciki. Aka auna nauyina, aka ba ni ƙwayoyi masu ɗaci in sha bayan cin abinci, rana ɗaya tak. Na yi jiri, na yi amai. Bayan wasu makonni aka sake gwaji, babu komai.

Rana ɗaya. Kuɗin maganin ko na igiyar maraƙin bai kai ba.

A Keke Napep muna komawa gida Baba ya ce, "Bakin mutane na ji tsoro, ban ji tsoron bokiti ba." Idonsa ya yi ja.

Goggo Hajara har yau ba ta ce a yafe mata ba. Da aka faɗa mata sakamakon, cewa ta yi, "Au, ashe otal ɗin ma an kwana."

Alhamdu lillahi na warke. Na gode wa Inna mahaifiyata da ta yi ta wanke mini zannuwa ba ta taɓa tambayata abin da zai sa in ji kunya ba. Na gode wa nas ɗin nan, Allah Ya saka mata.

In tafiya ta kai ku garin kogi aka kawo muku ruwa a bokiti, ku tambayi inda aka ɗebo. Ku tafasa shi, ko ku bar shi ya kwana biyu kafin ku yi wanka. In kun ga jini a fitsari ku je asibiti, ku faɗi duk inda kuka je. Iyaye kuma, in likita yana tambayar 'yarku, ku fita waje.

Ranar Litinin zan koma makaranta. Jarrabawa ta wuce ni, zan maimaita aji biyu na babbar sakandare tare da yaran da a bara suke ce mini Anti.