Injin markaɗen Yaya Ɗanlami

Shekara bakwai ke nan da muka raka yayana Ɗanlami makwancinsa. Na so rubutun bana ya zama addu'a da yabo kawai, amma injinsa na ajiye a zaurena, na kasa ɗaga ido in kalle shi.

Duk wanda ya daɗe a Zongon Kwatano ya san shi. Makanikin ƙananan injuna ne, janareta da na markaɗe, kuma Sai-gobe mutane ke kiransa. Iskar tekun garin nan ba ta barin ƙarfe lafiya. Tsatsa kan kama bolan, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juya inji, ta manne shi da sandarsa kamar tare aka ƙera su. In aka kawo masa irin wannan, Yaya ba ya ɗaga guduma. Zai sassauta noti ya bar shi a bakin sandar don ya kare haƙoranta, ya ɗiga kananzir, ya ɗaura ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake zaro bolan da shi ya ɗan matsa, sannan ya wanke hannu ya tafi masallaci. Mai inji na tsaye yana cika yana batsewa, shi kuwa ya ce masa ya dawo gobe. Washegari da ya ɗan ƙwanƙwasa, sai bolan ya saki.

Ni na fi kowa yi masa tsiya. A hannunsa na koyi aikin kafin in koma sayar da kayan babur, kuma na sha gaya masa da ni ne, kafin ya gama alwala na gama. Dariya kawai yake yi, ya ce ni hannuna yana riga kaina tashi daga barci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Zongon yau. Inji ya ɗan yi tari, an yar an sayo sabo. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓan garin nan, ko kashe babur ba sa yi in sun zo gyara. Ina jin da yanzu ba mai kawo masa aiki, kuma na san ko a jikinsa.

Babban abin da ya bari shi ne injin markaɗen da ya haɗa wa matarsa, Yaya Hadiza, da hannunsa. Da shi take markaɗa wa matan unguwa wake da tattasai, da shi ta riƙe 'ya'yansa. A daminar bana ya fara hayaƙi, ya tsaya. Ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba sai ni, kuma tana so waken ƙosan sadakar da take yi wa mijinta duk shekara ya fito daga wannan injin. Na bugi ƙirji na ce kafin Juma'a zai tashi.

Ranar Laraba na kwance shi, komai ya fita sai bolan. Na ɗiga kananzir, na yi jiran da bai kai shan shayi ba. Ga shago na bari a buɗe, ga waya sai ƙara take. Na cire notin gaba ɗaya, na ɗauki guduma. Wallahi ina ɗagawa ina jin muryarsa a kunnena, amma na maka, na ƙara. Bakin sandar ya baje kamar kan tsohuwar ƙusa, haƙoran suka lalace, bolan kuwa ko gezau. Na zaga Zongo, na je har Godomey a wajen gari, babu mai sandar irin wannan tsohon injin.

Ranar Juma'a na hango Yaya Hadiza da bokitin wake a ka, za ta wurin wani mai markaɗe a bayan layi, ita da ake kawo wa. An yi addu'a, an raba sadaka, na karɓi ƙosai na kasa ci. Da mutane suka watse na durƙusa na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba. Na so ta yi min faɗa, da na fi samun sauƙi.

"Buhari, da ka ce min sai gobe, ai da na jira," ta ce. "Ni da na yi shekara ashirin da mai sai gobe."

A da ina ganin ni na gaji Yaya tunda kayan aikinsa suna akwatina. Suna nan kuwa, ba su hana ni ɓarna ba. Abin da ya fi su daraja shi ne iya wanke hannu a bar ƙarfe ya sha mai, kuma matarsa ce ta ɗauki wannan, ba ni ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe min.

Yanzu kullum bayan la'asar nakan zauna da magagari ina goge bakin sandar kaɗan-kaɗan, ko bolan zai samu hanyar fita, noti ya sake hawa. Ban san ko injin zai tashi ba, matan unguwa kuma sun fara sabawa da bayan layi. Jiya ta aiko tana tambaya. Na duba guduma a gefe, na ce a gaya mata sai gobe.