Saifa a Hanyar Tashar Jirgi

A wajenmu babu wanda ake koya wa gudu. Kafin mu baro ƙauyenmu da ke bayan Kurya mu dawo Kaura, na san wata tsohuwa da sai an kama ta take tashi daga tabarma, amma ranar da aka ce ɓarayin daji sun shigo, ita ta wuce ni a bakin rafi da sandarta a hammata. Saboda haka da malamin wasanni na makarantarmu ya ce za a yi tsere a zaɓi mutum uku su je gasa Gusau, sai na ce to, ga gudun da mutum zai yi ya samu wani abu ban da ransa. Kwana uku a Gusau, abinci sau uku, barci ba tare da kunne ɗaya na gadi ba. Ni da ban taɓa wuce Kaura ba.

Matsalata ɗaya ce, saifa. Haka muke kiran sukar nan da ke kama mutum a kwiɓi, ƙarƙashin haƙarƙari, idan gudu ya yi nisa. Ta mutane allura ce, tawa kuwa basilla ce ta ɗinkin buhu, kuma mai ɗinkin yana jin haushina. An ce in sa tsakuwa a ƙarƙashin harshe. Na sa, na haɗiye biyu, ina jin har yanzu suna ciki suna jiran ta uku su haɗa murhu. An ce in ɗaga dutse in tofa yawu in mayar da shi. Na ɗaga, na tarar da kunama da 'ya'yanta, na ba su haƙuri.

Malam ne ya gano bakin zaren wata rana da ya same ni durƙushe a filin ƙwallo.

"Kai, mi kaka sha da sahe?"

"Koko, Malam."

"Ludayi nawa?"

"Malam, Inna ba ta san ludayi ba. Kwano ta sani."

Ya ce kada in cika ciki dab da gudu. Idan kuma ta kama ni, in rage sauri, in danna wurin da yatsu, in ɗan sunkuya, in ja numfashi har ƙasan ciki in sake shi a hankali.

Na biyun mai sauƙi ne. Na farkon ne ba a hannuna yake ba. Ranar da muka gudo, ƙanwata ta yini a daji ba ta sa komai a baki ba, har ta suma a bayan Inna. Tun daga nan aka kafa doka a gidanmu: babu mai taka ƙofar zaure sai ya shanye kwanon koko. Inna ba ta faɗa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Ajiye kwanon kawai take yi ta tsaya tana kallon bango har sai ta ji ƙarar ludayi a gindinsa.

Da safen ranar tseren na gwada sa'ata.

"Inna, Malam ya ce yau kar mu sha komi."

"Malam na nan rad da munka yini daji?"

Na shanye. Abin da ban gaya mata ba shi ne ba a filin makaranta za a yi ba. Malam ya ce daga ƙofar makaranta zuwa tsohuwar tashar jirgi a dawo, ta cikin gari. Shi baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba. Mu kuma 'yan gari, ɗokin Gusau ya toshe mana kai, babu wanda ya tuna a wane gari yake.

Aka busa usur, muka kwasa, mu wajen talatin, wasu ba takalmi. Ina cikin biyar na gaba har muka shiga layin masu kayan miya. A nan na ga mai shayi ya ɗago kai ya dube mu, ya dubi bayanmu, ya saki buta. Bai tambayi kowa komai ba. A Kaura ba a tambayar mai gudu. Kafin mu kai ƙarshen layin mun zama ɗari biyu. Masu babura na juyawa, ana jan ƙofofin shaguna, tumatir na birgima, wani dattijo ya wuce ni da carbi a hannu yana salati. Malam na biye da mu a kan keke yana ta faɗin wasa ne, wasa ne, amma ganin babban mutum na ihu a kan keke sai ya ƙara wa mutane mai.

Daidai nan mai basilla ya iso. Kokon ya taru wuri guda ya soke ni a dama. Na yi yadda Malam ya ce: na rage sauri, na danna kwiɓi da hannu biyu, na sunkuya, na buɗe baki ina jan iska. Har na fara jin saifar tana saki.

Sai na ji an kira sunana. Cikakkensa, da ƙarfi, a tsakiyar titi. Ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sa a bakinta ba. Inna ce, ta fito sayen kuka, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ga gari na gudu, ta ga ɗanta a sunkuye riƙe da ciki. Ta kama ni ta ɗaga rigata har wuya, tana shafa haƙarƙarina gaba da baya tana duba tafin hannunta.

"Ina anka same ka? Nuna min wurin."

"Inna, saifa ce. Tsere muka yi."

Ta ci gaba da dubawa kamar ba ta ji ba. Da ta tabbata babu jini, sai ta zauna a ƙasa, a bakin kwata. Saifar ta riga ta tafi, tashar jirgi kuma ga ta can ina hango rufinta. Da na tashi a lokacin, wataƙila da na kamo wasu. Na zauna kusa da ita. Ban taɓa gajiya irin ta wannan zama ba, kuma ba ƙafafuna ne suka gaji ba.

Mai unguwa ya zo makaranta da kansa ya ce kada a sake. Malam ya ba da haƙuri har muryarsa ta dishe, ya ce ba zai maimaita tseren ba, waɗanda suka fara isa tasha su ne za su tafi. Ɗaya daga cikinsu wani ɗan ajinmu ne mai ƙiba da ya shiga don kawai a rubuta sunansa. Da ya ga kasuwa ta watse sai ya ɗauka da gaske ne, ya wuce kowa, ya wuce tashar ma, sai a gonar wani aka samo shi.

Ranar Litinin motarsu ta tashi daga ƙofar makaranta. Na taya shi ɗora jakarsa, na ce in ya isa Gusau ya yi barci a madadina, sannan na koma aji.