Rubutun saman ƙofar cocin Armeniyawa

Shekarar da ambaliya ta cinye gadar ƙauyenmu ta wajen Bunguɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada ta Gusau, furfura ta riga ta fara fito mini. Cikin wata huɗu na soma karanta allunan shaguna. Don daɗi, har mai babur nakan tsayar in ƙarasa haɗa kalma.

A lokacin ƙanena mai sayar da yadi ya tafi Santambul ta ƙasar Turkiyya saro kaya. Ya turo mini hoton wani tsohon coci na Armeniyawa a tsohuwar unguwar birnin: ginin dutse cikin matsattsen lungu, da rubutu a sassaƙe a saman ƙofa. Ya biyo da saƙon murya: "Yaya, tunda ka zama malami, karanta mana."

Na gyara zama ina murna. Ga u, ga n, ga wani kamar h, duk na san fuskokinsu. Amma na haɗa sun ƙi haɗuwa. Na kwafe su a littafina, na juya wayar sama da ƙasa, na gwada daga dama kamar ajami. Babu kalma ko ɗaya. Sai na ce ashe allunan Gusau haddace su na yi, kaina bai ɗauki boko ba. Na daina zuwa aji.

Rana ta huɗu malaminmu ya same ni a rumfata ta hatsi, ya tambayi lafiya. Na miƙa masa wayar ina jin kunya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya fashe da dariya.

"Malam, ni ma da takardar koyarwata ban iya ba. Wannan ba boko ba ne."

Ya bincika a wayarsa, ya ce Armeniyawa haruffansu daban ne, nasu na kansu tun zamanin da. Na miƙe tsaye. Wato bayan ajami da boko akwai wani rubutun kuma? Ya ce akwai da yawa. Na bi rumfunan maƙwabta ina nuna musu hoton, ina ba su labari kamar ni na gina cocin. Da la'asar ni na fara isa aji.

Abin da na rasa: darasi uku, shafi shida na littafina, da rabin fensir.