Waƙar da Iya ta daina ji

A gidanmu na Djougou, da an idar da magariba, Iya, kakata ta wajen uba, takan zauna gefen murhu tana juya doya a garwashi. Ni ce autar jikokinta, don haka cinyarta tawa ce.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Mai gyangyaɗi ba shi da doya."

Ta fi son ba mu labarin kanari. Wai kanari ya gaji da hayaniyar tsuntsaye, ya ce waƙarsa tana cikin kansa, ba ya bukatar kunne. Ya tsinko auduga ya toshe. Damina ta wuce, ya buɗe baki gaban amaryarsa, sai kukan kwaɗo ya fito. A nan Iya takan rera waƙar kanarin, yara su amsa.

Lokacin da na yi wayo, kunnenta ya riga ya mutu. Waƙar takan hau inda ya kamata ta sauka, ta karye a tsakiya. Yayyena su yi ta ƙyalƙyala. Baffa, ƙanen babana, ya ce gigin tsufa ne, tana ba mu kunya gaban baƙi. Ya ɗauke ta zuwa Parakou, ya ajiye ta a ɗakin baya a unguwar Guéma. Ba wanda ya kai ta a duba kunnen. Can ta rasu, ba yaro ko ɗaya a gabanta.

Bara ɗiyar yayata, mai karatun halittu a jami'a, ta ji ina yi wa jaririna waƙar.

"Tanti, ai a karkace kike yin ta."

Na ba ta labarin Iya. Sai ta ce: "Mun yi wannan a kilas. Ɗan tsuntsu yana ajiye waƙar ubansa a ƙwaƙwalwa. Wata hanya a cikinta ke motsa maƙogwaro, wata kuma tana gwada abin da ya fito da abin da aka ajiye. In ya kurumce, waƙar sai ta dinga lalacewa, alhali kansa lafiya lau."

Kansa lafiya lau. Ashe Iya tana da hankalinta sarai, tana kallon bakunanmu muna dariya. Har yau ban yafe wa Baffa ba, kuma ba na jin zan iya.

Na tambayi yayyena yadda waƙar take tun asali. Duk sun manta. Karkatacciyar da na koya a cinyarta ita kaɗai ta rage, kuma ba zan gyara ta ba.