Ajin da Ya Ƙi Yarda Ya Ragu

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Bungudu. Kullum daga Gusau nake hawa mota, har ƙashin bayana ya san kowane rami na hanyar. Darasin da na fi raina wa wahala shi ne na kalmomin da Bature ke faɗa in yana ƙyuyar ƙirge: "a lot of" in abu ya yi yawa, "a few" in kaɗan ne. Ban taɓa neman misali a littafi ba. Ajin nake nunawa da alli, su kuma su amsa da ƙarfi, "There are a lot of girls in this class!" Lokacin har a bakin taga suke zama.

Sai ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyuka. Wannan iyayenta sun kwashe ta sun yi Gusau, waccan an ce suna Tsafe wajen dangi, wata kuwa ba wanda ya san inda take. Shugabar makaranta ta gaya mini in ajin ya ci gaba da zubewa za a rufe shi. Waɗanda suka rage ba su matso gaba ba. Kowacce tana zaune a gefen bencinta, ta bar wa abokiyar zamanta wurinta, har sharewa take yi da safe.

Bana da darasin ya zagayo, na shiga a gajiye, na nuna ajin yadda na saba. Suka ce "a lot of". Na ce su buɗe ido su duba dai. Suka sake cewa "a lot of". Raina ya ɓaci, don jarrabawa ba ta san kara ba. Na tsayar da wata 'yar wajen Nahuce, wadda ta fi kowa kai, na ce ta gyara.

Ta ce, "Malama, na san 'a few' kika so. Ba ni faɗi nai."

Na ce saboda me?

"In munka ce mun rage, ai mun yi musu baki. Ƙanwata na cikinsu."

Wallahi na gaji, gajiyar da ba ta mota ba. Na leƙa waje na ga awaki suna kiwo a bakin katanga, na ce to, a yi mini jimla da awakin can.

A kansu muka ƙare darasin. Da aka tashi, na ga ta ɗauke jakarta daga wurin ƙanwar, ta kakkaɓe shi da gefen hijabinta kafin ta fita.