Kwaɗon Ganyen Teku

Hajjo, maƙwabciyata a Al-Shumaisi, ba ta iya wuce ganye ba ta tsaya ba. Matar Idrisu direba ce, ta daɗe a Riyadh, amma har yau in ta shiga kasuwa sai ta tsinka, ta shinshina, ta ishi mai kaya da tambaya. Ni dai na daina raka ta cefane, don ba ni da wannan haƙurin.

Bara aka kawo mahaifiyarta, Uwa, daga Nguru don ganin likita. Tsohuwa ta ƙi abinci ƙememe. Kabsa, shinkafar Larabawa, ta ce mai ya yi yawa, burodi ta ce ba abinci ba ne. Tana ramewa a kan idonmu, Hajjo na kuka a ɓoye. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Rannan a wajen mai kifi Hajjo ta hango wani abu kore shar a kan ƙanƙara, gaɓa-gaɓa kamar yatsun kaza. Mai kifin ya ce a bakin teku yake tsirowa, ruwan gishiri yake sha, kuma yana ƙara lafiya. Ai kuwa ta saya.

Ta dafa shi yadda ake dafa rama, ta daka ƙuli-ƙuli, hannu kuma ya yi abin da ya saba: gishiri, ga dunƙule. Tana azumin Litinin, ba ta ɗanɗana ba. Uwa ta kai loma ɗaya ta tofar.

"Ke, kashe ni za ki yi? Kawo ɗanyen in gani."

Ta gutsura, ta tauna.

"Ikon Allah! Wannan ai da gishirinsa ya zo. Wa ya zuba masa?"

"Teku, Inna."

Tsohuwar da ko falo ba ta fitowa ta dafa bango ta shiga kicin. Ta sa aka sulala ragowar, aka zubar da ruwan, ta matsa lemun tsami, ta yanka albasa, ta hana kowa taɓa robar gishiri. Tana kwaɗawa tana ɗanɗanawa, wai tana son ta gane kansa. Kafin ta gane, kwano ya koma fayau.

Hajjo na bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Tsayuwar me kike yi?" in ji Uwa, tana siɗe yatsa. "Gobe ki tafi da ni wajen mai kifin nan. Ina da tambaya."