Ranar da Na Kori Makaɗin Yaya Idi

Shekara goma sha biyu ke nan cif, a wannan watan, da muka kai yayana Idi makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ɗan kasuwar atamfa ne a Dantokpa, babbar kasuwar Kwatano, ba ma'abocin alƙalami ba. Abin da ya zaunar da ni bana shi ne, sati uku ke nan ina gararamba a Kwatano ina neman abin da shi zai samo kafin shayi ya huce, kuma wallahi na gaji.

Yaya Idi mahauci ne, amma duk Zongo an fi saninsa da kunne. In baƙo ya sauka daga arewa da shanu yana son jin kiɗa mai kyau, wurinsa ake tura shi. Shi ya san gidan da mai goge ya sauka, da layin da za a yi kalangu bayan la'asar. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce. Masu ba da hayar kujeru da rumfa yake bi da safe, ya ji inda aka kai kaya. In ya isa kuma ba ya shiga kai tsaye. Sai ya tsaya a layin baya, ya karkata kai. In ganga ce ta fara iso masa, ya shiga. In ihun lasifika ne, sai ya ce da mai zem, wato ɗan acaɓan da ya kawo shi, “Juya, an yi asarar kujeru.”

Kamar kowane mahauci mai ji da kansa, yana da takensa, wanda ya gada daga mahaifinmu. Baba Tanko mai kalangu ne kaɗai yake buga shi. Da an taɓa shi, ko yana tsakiyar fiɗa ne, sai ka ga Yaya Idi ya ajiye wuƙa ya miƙe, fuskarsa ta canza. Ni kuwa kunya nake ji. Na yi ɗan karatu, ina sa farin kaya, ina zama sahun gaba a masallaci, ina ganin wannan duk shirme ne na mutanen da.

A al'adar mahautanmu na nan, in mai take ya rasu, bayan sadakar arba'in makaɗinsa yakan zo ƙofar gida ya buga taken. Babban ɗan mamacin ya fito ya tsaya, daga ranar ya zama nasa. Baba Tanko ya zo kuwa, da kalangunsa a hammata. Malamai ba su gama watsewa ba, abokan kasuwata suna zaune. Na tare shi tun daga bakin layi, na ce nan gidan makoki ne ba dandali ba. Bai yi musu ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gidan, ya juya. Bashir, ɗan marigayin, yana ciki, bai ma san an yi ba.

To, Bashir zai yi aure ranar Asabar mai zuwa. Watan jiya ya same ni a rumfa ya durƙusa ya ce, “Baffa, tsofaffin mahauta sun ce babana yana da take. Ni ba na son komai a bikin nan sai a buga mini shi, ko sau ɗaya.” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama. Kai, baki!

Na fara da dabarar Yaya Idi. Masu hayar kujeru suna nan, har sun fi da yawa, amma duk wanda na tambaya wa zai yi kiɗa sai ya ce sono za a kawo, manyan lasifikan nan da ake jibgewa a bakin titi, mutum ɗaya yana latsa waya. Aka kwatanta mini wani wurin cin abinci da ake kiɗan jita da ƙaho ranar Lahadi. Na je da farar hulata, na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya ɓata hanya. Sun iya, ba zan yi musu ƙarya ba, sai dai ba namu ba ne. Na bi ta unguwar Placodji na tarar da masunta suna dukan gangunansu, tsofaffi da jikoki a fili ɗaya, babu mai jin kunyar kowa. Na daɗe a tsaye ina kallonsu, raina duk a jagule.

Da Yaya Idi zai leƙo Zongon yau, ban san me zai ce ba. Mai yiwuwa ya tsaya a layin baya ya karkata kai, ya yi ta jira. Ina jin ba zai zagi yaran sono ba, sana'arsu suke yi. Mu zai tambaya, mu da muka ga makaɗa suna tsufa, muka daina kiransu, wasunmu ma muka daina amsa sallamarsu da kyau.

A ƙarshe wani dillalin shanu ya kai ni wurin Baba Tanko. Ashe yana raye, a wani ɗaki can bayan tashar motoci, wurin 'yarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara huɗu da suka wuce. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

Ya gane ni sarai. Da ƙyar maganar take fita ya ce, “Alhaji, ai na kawo muku shi har gida. Kai ka ce in koma da shi.”

Na ce, “Haka ne, Baba. A yafe mini.”

Ya ce ya yafe tun a ranar. Ya yi ƙoƙarin yi mini taken da baki, harshe ya ƙi. Ya buga da hannun hagu a cinyarsa, abin bai haɗu ba. Sai ya ce akwai wani makaɗi a garin Parakou da zai iya ɗauka in an rera masa, ni in rera, tunda a kunnena aka yi ta buga shi shekara talatin. Na buɗe baki. Farkon ya zo, ɗan gutsure. Daga nan shiru. Na sake, na sake, nan dai nake tsayawa. Ashe duk shekarun nan da ake buga shi, ni ba saurare nake ba, duba fuskokin mutane nake in ga wa yake kallonmu.

Mutane suna cewa Yaya Idi ya bar abin kirki, kuma gaskiya ne. Ya bar gida, ya bar 'ya'ya masu tarbiyya, har yau in an ambace shi a mahauta sai an yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma abu ɗaya da ya karɓa daga ubanmu don ya miƙa wa ɗansa, a hannuna ya faɗi.

Ɗazu Bashir ya kira ni yana murna, yana tambaya ƙarfe nawa makaɗin zai iso, don ya gaya wa abokansa. Na ce ya zo gida da safe, akwai magana. Na san zan iya sa a buga masa kowane take, ba zai gane ba, babu ma wanda zai gane a wurin. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma gobe zan zaunar da shi in rera masa ɗan gutsuren da ya rage, sannan in gaya masa wanda ya kori sauran.